Ƙwayar Bitamin B: Wa Ya Kamata Ya Sha?



An nemi in yi bayani a kan ƙwayar bitamin B, wadda a kemis ake ce mata bi-kwamfles. Da yawanmu a nan kudu, in mutum ya wuni a kara ko a bakin tasha ya ji jikinsa ya mutu, sai ya tsaya wurin mai kemis ya ce a ba shi "maganin ƙarfi". Wani ma allura yake so. To, jama'a, mu tsaya mu ga wanda ƙwayar nan take yi wa amfani.

Bitamin B iri takwas ne. Aikinsu shi ne taimaka wa jiki ya sarrafa abinci, ya gina jini, ya kuma kiyaye jijiyoyi. Yawancinsu jiki ba ya ajiye su da yawa, abin da ya yi saura fita yake yi ta fitsari. Shi ya sa wanda ya sha ƙwayar yake ganin fitsarinsa ya yi rawaya shar. B12 ne kawai hanta take ajiyewa har na shekaru.

A gida mun tashi da gero da dawa da wake da gyaɗa da nono, duk kuwa suna da bitamin B. Da muka zo nan, sai garin kwaki da farar shinkafa da burodi suka karɓe tukunya. Garin rogo yana cika ciki, amma abin da ke cikinsa na bitamin B kaɗan ne. Ita kuma shinkafa, a dusarta B1 yake. Wani likita ɗan ƙasar Holan, Christiaan Eijkman, ya lura a tsibirin Jawa a shekarun 1890 cewa kajin da ake ba farar shinkafa ƙafafunsu na shanyewa, in aka ba su mai dusa sai su warke. Wannan bincike ya sa aka ba shi lambar Nobel a 1929. Shinkafar da aka turara da ƙaiƙayinta kafin a cashe ta fi riƙe bitamin ɗinta. Iyayenmu mata, a rage yawan wanke shinkafa da tsiyaye ruwan dahuwarta.

Saboda haka mai lafiya da ke samun wake, ganye, ƙwai, kifi, hanta ko nono, ba ya bukatar ƙwaya. Amma akwai waɗanda abinci kaɗai ba ya isar su.

Na farko, matar da ke iya ɗaukar ciki. Ita tana bukatar B9, wato folik asid, maikurogiram 400 kullum, tun kafin cikin ya shiga. Dalili kuwa, bututun da zai zama ƙwaƙwalwa da lakar jariri yana rufewa ne cikin kwana 28 na farko, lokacin da mace ba ta ma tabbatar tana da ciki ba. In bai rufe daidai ba, sai a haifi yaro da ƙari a gadon baya, wataƙila ba zai taɓa tafiya ba. Binciken da aka wallafa a Ingila a 1991 ya nuna folik asid yana rage maimaituwar wannan nakasa da kusan kashi 70 cikin ɗari. Magidanta, wannan magana taku ce. Wadda aka hana zuwa awo sai ciki ya kai wata shida, ai lokaci ya riga ya wuce.

Na biyu, mai shan maganin tarin fuka. Ɗaya daga cikin ƙwayoyinsa, isoniyazid, yana rage B6 a jiki har ƙafafu su riƙa zafi kamar an zuba barkono. Likita yakan haɗa da B6, a sha, kada a ajiye.

Na uku, tsofaffi da masu ciwon suga da suka daɗe suna shan metfomin. Su B12 ne ke yi musu ƙaranci. Alamarsa kasala, ƙarancin jini, mutuwar yatsu da yawan mantuwa. Wani cikinsa ne ba ya tsotsar B12, shi ne wanda allura take yi wa rana, bayan an gwada jininsa.

Na huɗu, masu sikila, waɗanda asibiti kan ɗora a kan folik asid domin jininsu yana saurin karyewa.

Sai gargaɗi. B6 in ya yi yawa aka kuma daɗe ana sha, shi da kansa yana lalata jijiyoyi. Folik asid kuma yana iya ɓoye ƙarancin B12, jini ya gyaru alhali jijiya na ci gaba da lalacewa. Sannan kasala ba ta da uwa ɗaya: tana iya zama zazzaɓin cizon sauro, ko suga, ko rashin barci. Wanda ya yi mako biyu jikinsa ba daɗi, asibiti ya kamata ya nufa.

In za a saya, a saya a kantin magani mai rajista, a duba lambar NAFDAC da ranar da maganin zai lalace. Na masu talla a cikin bas da wanda aka shanya a rana bisa faranti, a bar musu kayansu.

Ina roƙon reshen mata na ƙungiya ya isar da zancen folik asid ga amare tun kafin su tare.  Allah ya ba mu lafiya da zama lafiya.