Amfanin da Birni Zai Samu Idan Ya Mallaki Sunansa a Intanet



Hausawa sun ce suna linzami ne. Tun kaka da kakanni mutumin ƙasar nan yakan jingina sunansa ga na garinsu, kamar yadda muka san Malam Aminu Kano da Alhaji Shehu Shagari. Haka kuma in mota ta wuce a Abuja aka ga KUJ ko BWR a jikin lambarta, an san rajistar Kuje ce ko ta Bwari. To, abin da zan yi magana a kansa yau shi ne irin wannan shaida a intanet, da kuma abin da birni kamar Abuja zai ƙaru da shi idan ya mallaki tasa.

Kowane adireshi na intanet yana da wutsiya, watau haruffan da ke zuwa bayan ɗigon ƙarshe. Wadda aka fi sani ita ce .com, wadda kowa a duniya yake iya saye. Kowace ƙasa kuma tana da tata. Ta Nijeriya ita ce .ng, kuma ƙungiyar NiRA, wadda aka kafa a 2005, ita ce ke kula da rajistarta. A ƙarƙashinta ne aka keɓe .gov.ng domin ma'aikatun gwamnati kaɗai, da .edu.ng domin manyan makarantu. Hukumar da ke tsara waɗannan sunaye a duniya baki ɗaya ita ce ICANN, wadda aka kafa a Amurka a 1998.

A 2012 ICANN ta buɗe ƙofar neman sababbin wutsiyoyi, birane da dama kuwa suka nema. A 2014 aka fara rajista da .berlin a Jamus, da .london a Ingila, da .paris a Faransa, da .nyc a Amurka. A nahiyarmu ma birane uku na Afirka ta Kudu sun sami .joburg da .capetown da .durban. Babu birnin Nijeriya ko ɗaya da ya sami nasa a wannan zagaye.

Amfani na farko, wanda kuma ya fi sauran girma, shi ne amana. Mazauna Abuja sun san irin asarar da jama'a ke yi a hannun 'yan damfarar filaye, masu buɗe shafi na ƙarya su sa masa tambarin hukuma. Mutum ya tara kuɗin sallamarsa na shekara talatin da biyar, ya biya a dare ɗaya, in ya je ganin fili ya tarar da mai shi na ainihi. Birnin da ya mallaki wutsiyarsa shi ke kafa sharaɗin samunta. Alal misali, ba a ba mutum .nyc sai yana da adireshi a cikin birnin New York. Da Abuja tana da irin wannan, da za a iya hana kowane dillali suna sai an tabbatar da ofishinsa da takardunsa, kana a karɓe sunan idan ya ci amana.

Na biyu shi ne ciniki. Gajerun sunaye masu sauƙin riƙewa duk an riga an kwashe su a .com. Sabuwar wutsiya kamar sabuwar kasuwa ce wadda ba a raba rumfunanta ba, saboda haka mai shago a Kasuwar Wuse, ko maginiyar tukwane a Ushafa, za su iya samun suna gajere wanda ke nuna wa mai saye inda suke.

Na uku shi ne tsari da kuɗin shiga. Asibitoci da makarantu da ofisoshin ƙananan hukumomi shida na Birnin Tarayya, watau Abuja da Abaji da Bwari da Gwagwalada da Kuje da Kwali, za su iya jeruwa a ƙarƙashin suna guda, kuma wani kaso na kuɗin sabunta rajista kowace shekara zai iya shiga baitulmalin birni.

Amma fa lalle ne in faɗi wahalar abin. A 2012 kuɗin neman wutsiya guda dala 185,000 ne, ban da dala 25,000 da ake biyan ICANN kowace shekara a wancan lokaci, ban da albashin ƙwararru da na'urorin da ba sa barci. A zagayen 2026 kuwa an tsayar da kuɗin nema a kan dala 227,000. Ba a kuma ba kowa sunan babban birnin ƙasa sai da takardar amincewar gwamnati. Idan aka kashe wannan dukiya sa'an nan aka riƙa sayar da sunan ga duk wanda ya miƙo kuɗi, to an ba ɗan damfara hatimin birni ke nan, kuma da muguwar rawa gara ƙin tashi. Darajar sunan tana ga tsaron ƙofarsa.

Wannan jawabi ba sanarwar wani shiri na gwamnati ba ne. Nufinsa jama'a su fahimci batun, domin su iya ba da shawara da ilimi idan maganar ta taso. Kafin nan akwai abin da kowa zai iya yi. Ɗan kasuwa ya yi rajistar sana'arsa da .ng, inda zai biya da naira. Wanda kuma aka nemi ya biya kuɗin fili ko na neman aiki da sunan gwamnati, ya duba wutsiyar adireshin tukuna. In ba .gov.ng ba ce, ya riƙe kuɗinsa, ya taka zuwa ofishin da kansa ya tambaya.

Allah ya taimaki Nijeriya.