Ragowar Albashi: Ina Za a Ajiye Ta?

 

Na san akwai wanda ya ga taken laccar nan ya yi dariya, ya ce wace ragowa kuma, albashin da ba ya kai sha biyar ga wata? Na yarda. Sai dai wanda ke iya tsame ko da dubu biyar a wata, da shi nake magana, kuma tambayar da nake so ya fara yi wa kansa ita ce: yaushe zan bukaci kuɗin nan? Zancen wane banki daga baya yake zuwa.

Kuɗin da aka bari a asusun albashi ba ajiya ba ne. Katin ATM na aljihu, mai POS na bakin layi, ga biki a Pantami, ga suna a Bolari. Kuɗin da ya tsira kuwa, tsadar kaya ta cinye shi a kwance. A Disambar 2024 hauhawar farashi ta kai kashi 34.8 cikin ɗari, alhali abin da asusun ajiya ke bayarwa a lokacin bai wuce kashi takwas da 'yan kai ba, shi ma idan mutum ya cire kuɗi fiye da sau huɗu a wata, ya rasa na watan. Lissafin ba ya bukatar digiri.

Duk da haka kuɗin ko-ta-kwana, na asibiti da na makaranta, banki ne wurinsu, a asusu na daban wanda ba ka yawo da katinsa. Ku tabbata bankin na ƙarƙashin inshorar hukumar NDIC. A 2024 aka ɗaga abin da hukumar ke biya daga naira dubu 500 zuwa miliyan biyar a manyan bankuna, miliyan biyu a ƙananan bankunan al'umma. Ba a jima ba Babban Banki ya soke lasisin bankin Heritage, ranar 3 ga Yuni, kuma masu ƙananan ajiya aka fara biya.

Na ga malamai suna gyara zama, na san maganar riba ce. Wannan uzurin ya ragu. Jaiz ya fara aiki a 2012, TAJBank a 2019, Lotus a 2021, duka ba sa mu'amala da kuɗin ruwa. Amma ku tambaya kafin ku sa hannu: asusun nan na amana ne, ko na mudaraba? A na mudaraba bankin na juya kuɗinka ku raba abin da aka samu, kuma ba a yi maka alkawarin adadi ba.

Kuɗin da ba za ka taɓa ba shekaru, akwai sukuk na Gwamnatin Tarayya, wato takardun zuba jari marasa kuɗin ruwa. Na farko ya fito a 2017, naira biliyan 100, na shekara bakwai, aka zuba shi a tituna irin na Kano zuwa Maiduguri, kuma da dubu goma ake shiga. Abin takaici, mutanenmu da yawa sun ɗauka na attajirai ne.

Ban raina adashi ba. Ba ya ƙara ko kwabo, amma kunyar uwar adashi na tilasta wa mutum zubin da banki ba zai tilasta masa ba. Haka sayen buhu a kasuwar Tudun Hatsi da kaka, ko ɗaure rago don layya: sana'a ce, tana da ribarta da faɗuwarta. Waɗanda suka ɓoye masara suna jiran tsadar 2025 za su ba ku labari.

Abu ɗaya ne ba na sassautawa a kansa. Duk wanda ya ce zai ninka maka kuɗi cikin wata guda, ka tuna rushewar MMM a ƙarshen 2016 da ta CBEX a Afrilun 2025. Cikin waɗanda suka zo mini da kuka har da masu digiri biyu, kuma ɗaya daga cikinsu kuɗin adashin matarsa ya zuba.

Shugaban taro, na ga an miƙo mini takarda lokaci ya cika. A kawo tambayoyi.