Bayan Turmi Ya Yi Shiru: Mata da Motsa Jiki Mai Sa Haki

 

A gidan da na taso, da la'asar ta yi ba sai an gaya maka ba, turmi ne zai sanar da kai. Mata uku a kan turmi ɗaya suna lugude, wannan ta cilla taɓarya sama ta tafa ta cafe, waccan ta sauke tata, gumi na tsiyaya, ana waƙa ana dariya. Kakata ta yi surfe, ta yi niƙa a kan dutse, ta ja guga a rijiya mai gaba goma sha, ta taka zuwa ƙauyen danginta ta dawo a wuni ɗaya. Mu kuma 'yan mata, idan farin wata ya fito, dandali muke nufa mu yi gaɗa har sai an aiko a kira mu.

Yau a birane da manyan garuruwa injin niƙa ya karɓi aikin dutse da turmi, famfo da 'yan garuwa sun karɓi aikin guga, Adaidaita Sahu ta karɓi aikin ƙafa, waya kuma ta karɓi dandali. Yawancin wannan rahama ce, kuma babu mai hankalin da zai so a mayar da uwarsa kan dutsen niƙa. Tambayar da na zo da ita ita ce: da aka ɗauke wa mace wancan aikin, me aka ba jikinta a madadinsa? Ɗan'uwanta yana da filin ƙwallo a kowace unguwa. Ita ina nata?

Mene Ne Motsa Jiki Mai Ƙarfi?

Masana lafiya sun raba motsa jiki zuwa matsakaici da mai ƙarfi, kuma akwai hanya mai sauƙi ta bambance su ba tare da na'ura ba. Idan kina aiki, numfashinki ya ƙaru, kina iya magana amma waƙa ta gagare ki, to kina cikin matsakaici, kamar tafiya da sauri. Idan kuwa ba ki iya haɗa kalmomi kaɗan sai kin tsaya kin ja numfashi, kin shiga mai ƙarfi: gudu, tsallen igiya, hawan bene da sauri, ninƙaya, ƙwallo. Iyayenmu sun san wannan iyaka a jikinsu. Muddin mai daka tana rera waƙa, aikin bai kai maƙura ba. Inda waƙar ta yanke, haki ya karɓa, nan ne zuciya take aikinta na gaske.

A ƙa'idojin da Hukumar Lafiya ta Duniya ta fitar a 2020, ana so baligi ya samu minti 150 zuwa 300 na matsakaicin motsa jiki a mako, ko minti 75 zuwa 150 na mai ƙarfi, tare da atisayen ƙarfafa tsoka aƙalla kwana biyu a mako. Yara daga shekara 5 zuwa 17 ana so su samu kimanin minti 60 kowace rana. Mai ciki da mai jego, idan babu wata matsala da likita ya gani, su ma an ba su shawarar minti 150 na matsakaici. Ku lura, minti 75 idan aka raba shi kwana biyar, kwata ɗaya ke nan a rana, bai kai lokacin da tukunyar shinkafa ke ɗauka kafin ta nuna ba.

Abin da Alƙaluma Suka Nuna

Binciken da Hukumar Lafiya ta Duniya ta jagoranta, wanda aka buga a 2024, ya gano cewa a 2022 kashi 31 cikin 100 na baligan duniya, wato mutum wajen biliyan 1.8, ba sa samun motsa jikin da ya kamata. A cikin maza kashi 29 ne, a cikin mata kashi 34. Tazarar tun daga ƙuruciya take somawa: wani bincike na hukumar da ya fito a 2019 kan yara 'yan makaranta masu shekara 11 zuwa 17 ya nuna kashi 85 na 'yan mata ba sa cika ma'aunin, samari kuma kashi 78.

A nan gida, binciken ƙasa kan al'umma da lafiya na Najeriya na 2018 ya nuna kashi 28 na mata masu shekara 15 zuwa 49 nauyinsu ya wuce ƙima, yayin da kashi 58 ke fama da ƙarancin jini. Waɗannan lambobi biyu suna zaune a unguwa ɗaya, wani lokaci a jiki ɗaya. Duk wanda ya taɓa zama a layin asibitin masu hawan jini da ciwon suga ya san fuskokin da suka fi yawa a kan bencin.

Abin da ya sa asarar ta fi ciwo shi ne, jikin mace yana saurin biyan ladan motsi. A farkon 2024 wasu likitocin zuciya a Amurka sun buga nazarin da suka yi kan bayanan mutum fiye da dubu 400. Sun ga matan da ke motsa jiki a kai a kai haɗarin mutuwarsu a tsawon shekarun binciken ya ragu da kashi 24, na maza kuwa da kashi 15. Amfanin da namiji ke samu da minti 300 a mako, mace tana kaiwa gare shi da kimanin minti 140. Ƙari a kan haka, motsa jiki yana rage haɗarin ciwon suga, da sankarar mama da ta hanji, yana sauƙaƙa damuwa, yana kuma riƙe ƙarfin ƙashi, wanda ke saurin raguwa bayan al'ada ta ɗauke.

Shingayen da Ke Gabanta

Shinge na farko shi ne lokaci, kuma a nan nake roƙon maza su saurare ni da kyau. Ƙungiyar Ƙwadago ta Duniya ta ƙiyasta a 2018 cewa mata ne ke ɗauke da kimanin kashi uku cikin huɗu na aikin kula da gida da iyali da ba a biya. Matar da ta tashi tun asuba, ta shirya yara, ta dafa sau uku, ta yi wanke-wanke, ta yi jinyar surukarta, idan ka ce mata ta motsa jiki za ta ce, “Ni da ban zauna ba tun safe?” Gaskiya ta faɗa. Sai dai gajiya daban, haki daban. Tsayuwa a gaban murhu da sunkuyo a kan bahon wanki suna cinye ƙarfi, suna kawo ciwon baya, amma sau da yawa ba sa ɗaga bugun zuciya zuwa inda take ƙara ƙarfi. Ita kuma 'yar'uwarmu ta karkara da har yanzu take ɗauko ruwa da itace daga nesa, matsalarta wata ce: aiki mai nauyi ba hutu, ba isasshen abinci. Ita hutu da ruwa kusa da gida take buƙata.

Na biyu shi ne ido. Yarinya tana gudu tana tsalle har ta kai shekara goma sha biyu ko sha uku, sai a wayi gari a ce mata, “Ke, kin girma, ki natsu.” Daga ranar ta koyi cewa gudu abin kunya ne. Matar aure ta fito tafiya da sassafe, kafin ta dawo an kai labari: “Matar wane tana yawo.” Wannan tsoron bakin mutane ba namu ne mu kaɗai ba. A Ingila, hukumar wasanni ta ƙasar ta binciki abin da ke hana mata motsa jiki, ta gano tsoron a yi musu kallon raini na kan gaba, shi ya sa a 2015 ta ƙaddamar da gangami na musamman da ke nuna mata na yau da kullum, masu jiki da marasa jiki, suna gumi ba kunya.

Na uku shi ne wuri. Filayen unguwa na samari ne. Tituna da yawa ba su da gefen tafiya, ba fitila, kuma a watan Afrilu zafin Kano ko Sakkwato ko Maraɗi yana haura digiri 40. Lokacin da ya rage shi ne asuba da bayan magariba, lokutan da mace ta fi jin tsoron fita. Tsakar gidan da ta ishi mata uku da turmi, a gidajen haya na yau ta koma lungun da ko igiyar shanya da ƙyar take samun wuri.

Na huɗu yana cikin jikin kanta, kuma shi ne wanda aka fi yin shiru a kansa. Ciwon mara lokacin al'ada, rashin audugar mata, rashin rigar nono mai riƙewa, jiri saboda ƙarancin jini, da ɗigar fitsari idan an yi tsalle ko tari bayan haihuwa da yawa. Wannan na ƙarshe ya zaunar da mata masu yawa, alhali akwai atisayen matse tsokar ƙasan mara da ungozoma za ta iya koyarwa cikin minti biyar, kuma yana taimakawa ƙwarai.

Na biyar shi ne abin da muke yabo. Amarya ta yi wata shida ta cika ta batse, sai mu ce, “Masha Allah, hutu ya karɓe ta.” Ta rage jiki, sai a soma tambaya ko lafiya suke da maigidan. Mun mai da zama alamar daraja, har mace ta ji cewa aika yaro ya miƙo mata abin da ke taku biyar da ita shi ne girma.

Shingen da Mutum Ya Gina

Kada wani ya ce haka Allah ya halicci mata. Bayan gasar Olamfik ta 1928 a Amsterdam, an cire gudun mita 800 na mata bisa da'awar cewa ya fi ƙarfinsu, ba a dawo da shi ba sai 1960. A 1967, Kathrine Switzer tana cikin gudun famfalaki na Boston wani jami'in gasar ya biyo ta zai fizge lambar da ke jikinta, amma ta kammala gudun. Sai a 1984 aka bar mata suka yi wannan gudu a Olamfik, kuma a shekarar ce Nawal El Moutawakel ta Maroko ta ci zinare a gudun tsallake shinge na mita 400. A 1996 Chioma Ajunwa ta ciyo wa Najeriya zinare a dogon tsalle a Atlanta. Batun sutura ma ya sauya: tun 2014 dokokin ƙwallon ƙafa suka amince da rufe kai, ƙwallon kwando ta biyo baya a 2017.

Ga wanda ke tsoron addini kuwa, malamanmu sun san hadisin da Abu Dawuda da Imamu Ahmad suka ruwaito, cewa Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya yi tseren gudu da Nana A'isha, Allah ya ƙara mata yarda, a cikin tafiya, ta tsere masa. Bayan wani lokaci da ta yi jiki suka sake, ya tsere mata. A ruwayar Ahmad, sai da ya umarci sahabbai su yi gaba tukuna. Ku dubi wannan da kyau. Bai hana ta gudu don akwai maza ba; maza ya matsar, ya buɗe mata fili. Wannan shi ne tsarin da nake kira mu bi.

Abin da Ke Hannunmu

Shugabannin makarantu, filinku yana da katanga, kuma daga ƙarfe huɗu na yamma babu kowa a ciki. Ku ware wa matan unguwa kwana biyu ko uku a mako, da mace mai gadi a ƙofa. Ku kuma daina mai da darasin motsa jiki na 'yan mata lokacin shara.

Malaman Islamiyya, babu inda mata ke taruwa da yardar kowa kamar wajenku. Minti ashirin kafin a tashi, a rufe ƙofa, a yi tafiya da sauri, a yi tsallen igiya, mai ƙarfi ta yi gudu.

Ma'aikatan lafiya, a wajen awo da rigakafi ku riƙa tambayar mace yaushe rabonta da yin haki, kamar yadda kuke auna jininta. Ku duba ƙarancin jini, ku yi maganar fitsari kafin kunya ta hana ta.

Magidanta, kwata ɗaya a rana muke nema. Ka riƙe yaron, ka saya mata takalmi da igiya, ko ka taka tare da ita bayan sallar asuba. Idan maigida yana gefenta, bakin unguwa mutuwa yake yi.

Ke kuma 'yar'uwa, ki soma da kaɗan, domin sannu ba ta hana zuwa. Minti biyar na tafiya da sauri a tsakar gida, mako mai zuwa goma, sannan ki riƙa saka minti ɗaya na sauri sosai a tsakani. Idan kina da ciki, ko hawan jini, ko ciwon zuciya, ko kina jin ciwon ƙirji ko jiri, ki fara ganin likita. Kada ki yi ke kaɗai. Kakanninmu ma ba su yi daka su kaɗai ba, shi ya sa aikin ya zo musu da waƙa.

Turmin kakata yana nan a kife a bayan ɗaki, kuma ba na roƙon a tashe shi. Abin da nake roƙo shi ne, jikokinta su samu wuri da lokaci da izinin yin gumin da ta yi, wannan karon don lafiyar kansu. Kowannenmu yana riƙe da mabuɗin wata ƙofa, ta makaranta, ko ta asibiti, ko ta gida. Kafin mako ya zagayo, a buɗe wa mace ɗaya.

Allah ya ba mu lafiya mai amfani.