Gonar Aro Da Takin Gida: Jawabi Kan Haƙƙin Manomanmu A Borno



An ce in yi magana kan noman da ke raya ƙasa, wato noma da takin gida, da sauya shuka daga damina zuwa damina, da barin itatuwa a gona. Mu da iyayenmu suka zo daga Kano, Katsina, Sakkwato da Damagaram suka zauna Hausari da Gwange, wasunmu kuma suna noma a Jere da Konduga, wannan magana tamu ce, ganin yadda takin zamani ya yi tsada tun daga 2022, ga kuma ɓarnar ambaliyar madatsar Alau ta Satumbar 2024.

Wannan noma an gwada shi a jihar nan. Daga 2004 zuwa 2009 an gudanar da shirin PROSAB a Biu, Damboa, Hawul da Kwaya Kusar, da haɗin gwiwar cibiyar IITA ta Ibadan, da hukumar BOSADP, da Jami'ar Maiduguri, da kuɗin gwamnatin Kanada. An koya wa manoma su shuka waken soya bana, masara baɗi, domin waken soya yana ƙara wa ƙasa ƙarfi, yana kuma rage wuta-wuta. Shirin ya bi ta hannun ƙungiyoyin manoma ne, kamar yadda shirin Fadama ya yi. Wanda ba ya cikin ƙungiya, sai dai ya ji labari.

To amma akwai wata matsala da ta fi damunmu. Takin gida sai ya yi damina biyu ko uku yana aiki a ƙasa. Gawo, wanda ke zubar da ganye da damina ya zama taki, sai an shekara da shekaru ana rainonsa. Yawancinmu kuwa gonar aro ko ta haya muke nomawa. Na san ɗan'uwanmu da ya yi shekara biyu yana kai taki da amalanke wata gonar aro, da ta yi kyau a shekara ta uku mai ita ya ce yana son abarsa. Wa zai sake wannan wahala? A ƙasar Maradi ma, inda sassaben zamani ya bunƙasa tun shekarun 1980, sai da manomi ya tabbata itacen da ya raina nasa ne kafin ya bar shi ya girma.

Saboda haka mu san haƙƙinmu. Sashe na 43 na Tsarin Mulkin 1999 ya ba kowane ɗan Nijeriya damar mallakar fili ko gida a ko'ina cikin ƙasar nan. Sashe na 42 ya hana a nuna masa bambanci saboda ƙabilarsa ko garin asalinsa. Dokar Filaye ta 1978 kuma ta ba ƙaramar hukuma ikon ba kowane mutum ko ƙungiya izinin riƙe filin noma a karkara.

Shawarata uku ce. Na farko, duk aro ko haya a rubuta, a faɗi yawan shekaru, a sa hannu gaban Bulama ko Lawan da shaidu. Na biyu, mu kafa ƙungiyoyin manoma mu yi musu rajista, da mata a ciki, tunda su ke kiwon awakin da ke ba mu taki, mu kuma shiga tare da maƙwabtanmu Barebari da Shuwa. Na uku, mu riƙa zuwa ofishin BOSADP da Cibiyar Binciken Tafkin Chadi muna neman malamin gona da ingantaccen iri. Wanda aka mayar saboda takardar asalin jiha, ya kawo wa ƙungiya rana da wurin da abin ya faru, mu bi kadinsa a rubuce cikin ladabi.

Allah ya ba mu damina mai albarka, ya zaunar da Borno lafiya.