Jawabi a Bikin Yaye Ɗaliban Gyaran Na'urori

 

Rahoton Majalisar Ɗinkin Duniya ya nuna cewa a shekarar 2022 duniya ta zubar da tsofaffin kayan lantarki har tan miliyan 62, kuma abin da aka tattara aka sarrafa bisa ƙa'ida bai kai kashi ɗaya cikin huɗu ba. Mu dai ba sai an koya mana rayar da abin da aka yar ba. Wanda ya taɓa shiga Panteka a Kaduna ya ga yadda ake narka gwangwanayen da 'yan bola jari suka tsinto, a zuba a cikin yashi, tukunya ta fito. Matsalarmu ɗaya ce: kaya ba ya isa hannun mai gyara sai ya riga ya mutu.

Nan ne na'urorin da ke haɗe da intanet suka shigo. Kamfanin Hello Tractor, wanda ya fara aiki a Najeriya a 2014, yana maƙala wata 'yar na'ura a jikin tarakta. Mai ita yana zaune a gida, wayarsa na gaya masa gonar da take, awa nawa ta yi tana huɗa, da lokacin da ya kamata a yi mata juyen mai. Sai ga tarakta ɗaya tana yi wa manoma da dama aiki, ana kuma tarar ciwonta tun bai kwantar da ita ba.

Ga wata dabara kuma: a filin jirgin saman Schiphol na ƙasar Holan, a 2015, kamfanin Philips ya ƙulla yarjejeniyar sayar da haske, fitilun kuwa suka ci gaba da zama nasa. Duk wadda ta mutu da wuri, asararsa ce. Da ɗan kasuwa ya ga ribarsa tana cikin ƙarkon kaya, ba sai an yi masa wa'azi ba.

Sai dai a yi hattara. Na'urar da ke ba da labari tana iya kulle ƙofa. Manoman Amurka sun daɗe suna ja-in-ja da kamfanin John Deere kan manhajar da ke hana makanikin gari taɓa injin da suka saya da kuɗinsu, kuma sai a 2024 Tarayyar Turai ta kafa dokar haƙƙin gyara. Ina roƙon hukumominmu kada su jira abin ya zo mana tukuna.

Ku kuma 'ya'yana, bayan sukundireba da mita, ku iya karanta abin da batirin sola ke faɗa a kan allo, ku gaya wa mai kaya gaskiya ko da canjin fis ne kawai.

Allah Ya sa albarka a hannuwanku. Ranka ya daɗe hakimi, bismillah, a fara miƙa takardun shaida.