Mu San Juna Kafin Mu Raba: Jawabi Kan Takardar Tambayoyin Kwamitin Taimako a Shiling

  

Mun san da yawanku kun baro kaya a wurin masu ɗinkin jaka, wasu kuma suna jiran mota ta zo ta kwashi kwali, don haka ba za mu tsayar da ku ba. Maganar takardar tambayoyin nan ce da muka tura a zauren WeChat. Mun ji ana cewa, me ya haɗa kwamitin taimako da tambayoyi? Wani dattijo ma ya tare mu ya ce, "Alhaji, ko dai an sa ku ne ku ƙirga mu?" Tambayarsa tana kan hanya, kuma haƙƙinku ne ku ji amsa.

Shekara da shekaru muna tara zakka da sadaka a tsakaninmu, muna rabawa. Amma in za mu faɗi gaskiya, wanda ya san lambar wayarmu shi ke samu, sai wanda yake da baki. Wanda kunya ta rufe shi a ɗaki ba ma jin labarinsa sai abu ya ɓaci. Mun ga haka ƙuru-ƙuru a watan Afrilun 2020, lokacin korona, da aka fitar da ƴan Afirka da dama daga gidajen haya da otal-otal a Guangzhou. Abinci na hannunmu, amma ba mu san wa ke ina ba. Alƙur'ani, a Suratul Baƙara aya ta 273, ya ba mu labarin mabuƙatan da wanda bai san su ba zai ɗauka mawadata ne saboda kamun kansu. A Suratut Tauba aya ta 60 kuma an lissafa matafiyin da guzuri ya yanke masa cikin mutum takwas masu cin zakka. A garin nan na Shiling irin waɗannan muke nema.

Ƙidaya kuwa ba baƙon abu ba ce a addini. Bukhari ya ruwaito daga Huzaifa cewa Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, ya sa an rubuta masa adadin musulmi, aka samu mutum 1,500. Sayyidina Umar ma ya kafa diwani, aka rubuta mutane domin rabon dukiyar baitulmali ya tafi bisa tsari. Mu dai waya ce a hannunmu a maimakon tawada da alƙalami.

Karon farko mun yi kuskure, kuma laifinmu ne. Wani ɗanmu a Kano ya shirya mana takardar a Google Forms, muka turo ta da murna, sai ga shi ba ta buɗuwa, domin kayan Google ba sa aiki a intanet ɗin ƙasar nan, kamar yadda WhatsApp ba ya yi. Muka koma Wenjuanxing, manhajar da mutanen Sin ke amfani da ita, wadda ke buɗuwa kai tsaye cikin WeChat. Wani ɗalibinmu da ya iya Sinanci ya zauna da mu dare biyu, Allah Ya saka masa da alheri.

Da ta buɗu sai muka ga wata matsalar. Mun jera tambayoyi kamar lissafin kwantena, kowa a kwamiti ya cusa tasa. Mutum na tsaye a bakin shago yana ciniki, ba zai ba mu rabin awa ba. Yawanci sun fara, sun yar a tsakiya. Sai muka zauna muka bi su ɗaya bayan ɗaya, muna tambayar kanmu: in aka ba mu amsar wannan, me za mu yi da ita? Duk wadda ba mu da abin yi da amsarta muka soke ta. Yanzu takardar ba ta kai shan kofin shayi ba.

Sannan mun koyi cewa yadda aka yi tambaya shi ke haifar da amsa. Da mun rubuta, "Kana da matsalar masauki da abinci?" Wanda yake da ɗaki amma tukunyarsa ba ta hau wuta ba, me zai ce? Muka raba ta gida biyu. Mun kuma rubuta, "Ba ka ganin ya kamata a fi ba da ƙarfi ga buɗa-baki?" Wane musulmi ne zai ce a'a? Wannan ba tambaya ba ce, mun sa wa mutum magana a baki ne. Yanzu mun jera buƙatu: kuɗin asibiti, kuɗin haya, tikitin komawa gida, tafinta, hidimar jana'iza, buɗa-baki, mu ce ka zaɓi biyu da suka fi damun ka. A ƙarshe akwai fili da za ka rubuta abin da ba mu kawo ba. Mun daina tambayar "Kana cikin talauci?", domin babu Bahaushen da zai amsa wannan da e. Abin da muke tambaya shi ne, "A watan da ya wuce, akwai ranar da ka fasa zuwa asibiti saboda kuɗi?" Wannan mutum zai iya amsawa ba tare da ya zubar da girmansa ba.

An kuma tsara ta yadda in ka ce ba ka da iyali a nan, tambayoyin makarantar yara ba za su fito maka ba. Mai zuwa baje kolin Canton a Afrilu ko Oktoba ya yi sati biyu ya koma, tambayoyinsa dabam da na wanda ya yi shekaru a Huadu. Kafin mu sake ta mun gwada ta a kan mutum kaɗan, har da wata Hajiya da wani ɗan uwa daga Maraɗi. Shi ne ya nuna mana kalmomin Turancin da muka cusa, waɗanda mutanen Nijar ba sa amfani da su. Yanzu akwai ta da Hausa da Faransanci da Turanci.

Sai babbar magana, wato amana. Ba mu tambayi suna ba, ba mu tambayi lambar fasfo ba, ba mu tambayi halin da bizarka ke ciki ba, kuma mun kashe wurin da ke ɗaukar sunan mutum na WeChat. Ba za mu yi muku rantsuwa cewa abin da ya shiga intanet babu idon da zai iya kai wa gare shi ba. Shi ya sa abin da zai cuci mutum ba mu tambaye shi tun farko. Ƙasar nan ma tana da dokar kare bayanan mutane da ta fara aiki ranar 1 ga Nuwamba 2021, wadda ta ce a nemi yardar mutum kuma kada a tara fiye da buƙata. Mutum uku ne kawai a kwamiti ke ganin amsoshi, kuma za mu goge su bayan mun fitar da jimilla. Wanda kwanakinsa suka wuce, ya same mu baki da baki mu raka shi ya gyara. Dokar shige da fice ta 2013 ta sa tarar yuan 500 a kowace rana har zuwa 10,000, ko tsarewa, kuma jinkiri ba ya rage ta. Ƴan Najeriya suna da ƙaramin ofishin jakadanci a nan Guangzhou.

Abu na ƙarshe, takardar waya tana da makanta. Wanda ke kwance a asibiti ba zai cika ta ba, haka wanda aka yanke wa layi, da wanda bai yi boko ba, da matan da ba sa cikin zaurenmu. In muka tsaya ga amsar masu waya kaɗai, mun koma gidan jiya. Saboda haka muna roƙon kowa ya cika tasa sau ɗaya, sannan ya nemi mutum ɗaya da ya san ba zai iya ba, ya karanta masa, ya danna abin da ya faɗa, ba abin da shi yake so ba. Iyayenmu mata biyu sun ɗauki nauyin ɓangaren mata. Ranar Juma'a kuma, bayan an sauko daga masallacin Xianxian, inda kabarin da ake jingina wa Sa'adu bin Abi Waƙƙas yake, za ku same mu da takardun hannu ga mai so.

Mun yi alkawari, in Allah Ya kai mu, za mu karanta muku sakamakon a taro irin wannan kafin azumi, kuma a kansa za a tsara rabon bana. In ya saɓa wa abin da mu ƴan kwamiti muke zato, shi za mu bi.

Allah Ya sa albarka a kasuwancinmu, Ya ba marasa lafiyarmu lafiya, Ya jiƙan waɗanda suka rasu a ƙasar nan nesa da danginsu, Ya mai da kowa gida lafiya.