Jawabi a kan Cinikin Tsohuwar Mota da Maido Ta Saboda Aibi

 Ya ku malamai da almajirai na Birnin Kudu da Gwaram, abin da na ke nufin faɗa muku yau mas'ala ce ta ciniki, wadda ta yawaita a ƙasarmu tun da mota ta zama abin neman abinci, har ta kai ana raba zumunci saboda ita.

Ku sani, motar da talaka ke saya a nan ba sabuwa ba ce. Wata an gama mora ta a Turai ko Amurka, aka ɗoro ta a jirgin ruwa zuwa Ikko ko Kwatano, ita ce mu ke kira Beljiyam. Wata kuwa ta gida ce, ta bi hannu uku ko huɗu kafin ta iso mu. An karanta mini, zama ni ban yi boko ba, cewa Majalisar Ɗinkin Duniya ta ƙidaya tsofaffin motoci miliyan 14 da suka fita daga Turai da Amurka da Jafan tsakanin 2015 da 2018, kuma Afirka ce ta kwashi kaso mafi yawa. Tun daga watan Janairu na 2017 gwamnati ta hana shigo da mota ta iyakar ƙasa, sai ta tashar jirgin ruwa, saboda haka takardar kwastan ta zama rabin motar. Sa'an nan a 2023 aka cire tallafin mai, naira ta faɗi, kuɗin mota ya ninka. To, wanda ya saya yanzu dukiyarsa duka ya zuba, kadan aka cuce shi ba ya da ta biyu.

Ga abin da ya faru a hannuna. Wani yaro da ya yi karatu wurina, mutumin ƙasar Gwaram, ya sayar da shanun huɗarsa biyu da riɗin da ya noma, ya haɗa da abin da surukinsa ya ranta masa, ya sayi Golf wurin wani dila don ya riƙa jigila tsakanin Gwaram da Birnin Kudu. Ya yi kwana tara yana haya. A cikin waɗannan kwanaki ya daki kututture da dare, gefen gaba ya lotse, fitila ta fashe. Ran na goma inji ya ɗau zafi, ta tsaya da fasinja a hanya. Bakanike ya buɗe, ya tarar kan injin tsagagge ne tun da, an liƙe shi, an kuma zuba baƙin mai mai kauri don ƙara ta kwanta hayaƙi ya ragu. Ya koma wurin dila, dila ya ce masa: ai ka gani ka saya, kaya in ya fita ƙofa ba ya komowa, ni ma haka na sayo ta a Kano. Suka zo gare ni kafin su je ga alƙali, kowa na huci.

Wannan magana ta cewa kaya in ya fita ba ya komowa, ba ta da tushe a mazhabarmu. Duk wanda ya karanta babin ciniki a Risala ta Ibnu Abi Zaidin, ko ya kai Muhtasar na Halilu, ya san mai saye yana da zaɓi kadan ya sami tsohon aibi wanda ke rage daraja, wanda kuwa bai gani ba lokacin ƙulla ciniki: ko ya riƙe, ko ya mayar ya karɓi kuɗinsa. Rashin sanin mai sayarwa yana ɗauke masa zunubin algus, amma ba ya ɗauke haƙƙin maidowa. Shi kuma sai ya bi wanda ya sayar masa a Kano da irin wannan hukunci. Kadan kuwa ya sani ya ɓoye, to ya zama mai tadlisi, hukuncinsa ya fi tsanani, har in kayan ya halaka saboda aibin da ya ɓoye, asara tasa ce, kuɗi duka zai mayar.

Kuma bai isa ba dila ya ce: tsohuwa ce fa, komi na iya faruwa. Malamanmu sun ce wajibi ne ya bayyana abin da ya sani filla-filla, ko ya nuna shi da yatsa, kada ya dunƙule. Ya ce giya ta uku tana zamewa, ya ce ta taɓa faɗuwa an miƙe shasi, ya ce ruwa ya taɓa cinye ta. Wannan na ƙarshe ba wasa ba ne, domin a 2017 ambaliya ta shanye motoci masu yawa a Texas ta Amurka, kuma irin waɗannan a kan yi gwanjonsu a fita da su ƙasashen waje, jiki na sheƙi, wayoyi na ruɓewa a ciki. Juya agogon da ke ƙirga tafiya baya, da cike lotsewa a shafe da fenti a yi shiru, da zuba mai mai kauri ran kasuwa, duk ɗaya su ke da abin da littattafai suka kira tasriya, watau a ƙi tatsar saniya kwana biyu don hantsarta ta cika mai saye ya zaci mai nono ce. Wanda ya taɓa shiga kara a kasuwar Sara ya san wannan dabara tun kafin mota ta zo.

Amma kada almajiri ya ji haka ya zaci kowane mai kuka gaskiya gare shi. Na zauna da dilolin, na ji nasu. Wani ya kan ɗauki mota ya tuƙa ta babu ruwa a lagireto, ya ƙone inji, ya dawo yana rantsuwa. Wani tun farko ya ga gilashi a tsage da taya a suɗe, aka rage masa kuɗi saboda su, bayan wata guda ya zo da su a matsayin ƙara. Aibin da ke fili wanda ya gani ya yarda, babu maidowa a kansa. Haka kuma wanda ya gane aibi ya ci gaba da lodin fasinja mako biyu ba tare da larura ba, aikinsa ya nuna yarda, zaɓinsa ya faɗi. Yaron nan abin da ya cece shi, ranar da aka buɗe injin ranar ya aje makulli.

To, yaya za a rarrabe tsohon aibi da sabo? Ba da rantse-rantse a bakin gareji ba, kuma ba malami ne zai leƙa inji ba. Shari'a ta mai da wannan ga ma'abota sanin abin. Muka kira bakanike biyu, kowane ɓangare ya kawo wanda ya amince da shi, suka duba, suka haɗu a kan cewa liƙin ya daɗe, ya riga ciniki. Da sun yi saɓani, sai magana ta koma ga rantsuwar mai sayarwa gaban alƙali.

Saura lotsewar da yaron ya yi da hannunsa. A nan ne mutane da yawa ke ɓata. Kadan babu abin da ya sami kaya a hannun mai saye, zaɓinsa biyu ne kaɗai, ya riƙe a kan kuɗin da ya biya ko ya mayar, sai fa in sun yi sulhu a kan ragi. Amma kadan wani aibi matsakaici ya auku a hannunsa, sai ya zaɓa: ya mayar da ita tare da biyan abin da ya rage mata, ko ya riƙe ta a ba shi arashin tsohon aibi. Arashi kuwa ba kuɗin gyara ba ne, kuma ba abin da baki ya faɗa ba ne. Ana ƙimanta kaya lafiyayye, a ƙimanta shi da aibinsa, a ɗauki nisbar da ke tsakani a cire daga kuɗin ciniki. Misali, a ce an saya naira miliyan 4 da rabi, masana suka ce lafiyayya ta kai miliyan 5, da aibin kuwa miliyan 4. Bambanci humusi ne, ɗaya cikin biyar. Sai a mayar da humusin abin da aka biya, watau naira dubu 900, ba miliyan guda ba. Almajirai ku riƙe wannan lissafi, ana tambayarsa.

Dila ya ce, to kuɗin hayar kwana tara fa, ba nawa ba ne in ta dawo? Na ce masa a'a. Cikin waɗannan kwanaki da ta ƙone ko an sace, asarar yaron ce, saboda haka amfaninta ma nasa ne.

Ni a ganina, dilan da ke son ya zauna lafiya ba ya bukatar abu mai yawa. Ya rubuta takarda gaban shaidu biyu, da lambar shasi da ta inji, da aibobin da ya sani ɗaya bayan ɗaya, da bayanin takardar kwastan, domin motar da kwastan suka kama ko mai ita na asali ya bayyana, kuɗi kan wuyan mai sayarwa su ke. Ya ba da kwanakin gwaji. Malamai sun iyakance wa dabba kamar kwana uku, ban ga abin da zai hana a yi wa mota ƙiyasi da ita ba, mai saye ya kai ta wurin bakanikensa. Kafin alƙalami kuma, in ciniki bai ƙullu ba, a mayar wa mai shi. Cinye shi bai halatta ba a wurin Malikawa. Dokar ƙasa ma ta kare mai saye ta 2018 ta wajabta a bayyana kayan da aka yi amfani da su ko aka sake gyarawa, don haka babu mafaka a can. Mu malamai kuma da laifinmu. A kan kawo mana mota mu tofa addu'a, a ba mu goro, ba mu taɓa tambayar yadda aka saye ta ba, kuma ɗalibi ya kan shekara goma a zaure yana maimaita tsarki da salla bai isa babin ciniki ba.

Yaron ya zaɓi ya riƙe motar, domin in ya mayar ba shi da abin biyan lotsewa, kuma damina ta matso ba shanu. Dila ya nemi a raba masa arashin kashi biyu, rabi a take, rabi bayan wata guda, yaron ya yarda, aka rubuta, liman da mai unguwa suka sa hannu. Kashi na farko da shi aka sayi kan inji a Kano. Na biyu ya zo da jinkirin kwana shida, ɗan dilan ne ya kawo shi har Gwaram.